Gano wurin wayar salula ta ƙarafan sabis

Gano wurin wayar salula ta ƙarafan sabis hanya ce ta ƙiyasta inda waya take ta amfani da eriyoyin kamfanin sadarwa, ba tare da dogaro da tauraron ɗan'adam ba. Kamfani ba zai iya isar da kira ko saƙo ba sai ya san yankin da layin yake. Saboda haka duk wayar da ke kunne kuma tana da sabis takan sanar da kanta lokaci-lokaci, ko mai ita bai taɓa ta ba, ko da kuwa ƙaramar waya ce marar intanet.

Hanyoyin ƙiyasi

Hanya mafi sauƙi ita ce duba lambar eriyar da wayar ta kama. Yawancin ƙarafa suna da fuska uku, kowace fuska na kula da kimanin digiri 120, kuma kowacce da lambarta. A tsakiyar birni, inda ƙarafa suke kusa da juna, wannan lamba kan taƙaita wurin zuwa 'yan ɗaruruwan mitoci. A karkara yankin kan kai kilomitoci masu yawa, domin a tsarin GSM, wato 2G, ƙarfe ɗaya na iya riƙe waya har daga nisan kilomita 35.

Ana rage faɗin yankin da ma'aunin lokaci. Don kada saƙonnin wayoyi su ci karo a eriya, ƙarfe yakan umarci waya mai nisa ta riga sauran aikawa da ɗan taƙi. A GSM wannan umarni yana da matakai daga 0 zuwa 63, kowane mataki daidai yake da kusan mita 550. A LTE, wato 4G, matakin ya ragu zuwa kusan mita 78. Idan aka haɗa fuskar eriya da matakin, abin da ke fitowa a taswira yanki ne siriri mai lanƙwasa kamar baka, wayar kuma tana iya kasancewa ko'ina a cikinsa.

Hanya ta uku tana buƙatar ƙarafa uku ko fiye su ji wayar, ko wayar ta ji su, sai a lissafa bambancin lokacin isar siginar. Igiyar rediyo tana cin mita 300 a kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, don haka ɗan saɓani a agogon ƙarafan yakan jefa sakamakon nesa. Idan komai ya daidaita, kuskuren kan tsaya tsakanin gomman mitoci zuwa ɗari biyu ko makamancin haka. Tsarin 5G ya sa burin saukar da shi zuwa 'yan mitoci.

Abubuwan da ke kawo kuskure

Waya ba lallai ta kama ƙarfe mafi kusa da ita ba. Takan kama wanda siginarsa ta fi ƙarfi, ko wanda kamfani ya tura ta gare shi saboda na kusa ya cika. Tsauni ko dogon gini na iya tare na kusa, yayin da sigina kan yi nisa sosai a saman ruwa ko fili. A cikin gari sigina takan bugi bango ta karkato kafin ta isa, sai lissafi ya nuna wayar ta fi nisa fiye da yadda take. Ƙarafan da aka jera a layi ɗaya gefen babbar hanya ba sa ba da kusurwar da lissafi ke buƙata. Akwai kuma kuskuren rajista, inda aka juya eriya ko aka sauya mata lamba amma bayanan kamfani ba su nuna ba.

Tarihi

Kiran gaggawa ne ya fara tilasta inganta wannan fasaha. A 1996 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta wajabta wa kamfanoni su riƙa ba cibiyoyin agaji bayanin wurin mai kiran 911. A matakin farko lambar mai kira da wurin ƙarfe kawai ake bayarwa. Wajen 1999 aka fayyace ma'aunin mataki na biyu: mai dogaro da ƙarafa ya gano waya cikin mita 100 a kashi 67 cikin ɗari na kiraye-kiraye, da mita 300 a kashi 95. Mai dogaro da na'urar cikin waya kuwa an ɗora masa mita 50 da mita 150. Cika wannan sharaɗi ya yi wuya a karkara, inda sau da yawa ƙarfe ɗaya ne ke jin wayar, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa aka karkata ga GPS, mai dogaro da tauraron ɗan'adam. A wajajen 2014 aka ɓullo da tsarin AML a Birtaniya, wanda ke sa waya ta aika wurinta da kanta idan an kira lambar gaggawa.

Batun sirri

Bayanin ƙarfe guda ɗaya ba ya nuna gida ko ɗaki. Haɗarin yana cikin tarinsa. Kamfanoni suna ajiye lokacin kira da saƙo da shiga intanet tare da lambar eriya, kuma tarin watanni yana bayyana inda mutum ke kwana, inda yake aiki, asibitin da yake zuwa da mutanen da yake haɗuwa da su. Ɗan siyasar Jamus Malte Spitz ya kai kamfanin Deutsche Telekom ƙara har ya karɓi bayanansa na wata shida, layuka sama da 35,000, jaridar Zeit kuma ta zana su a taswira a 2011, ana bin tafiye-tafiyensa rana bayan rana. Cire suna ma ba ya wadatarwa. Wani bincike da aka buga a 2013 kan bayanan mutum miliyan ɗaya da rabi na wata 15 ya nuna cewa sanin wuri da lokaci sau huɗu kacal ya isa a ware kashi 95 cikin ɗari na mutanen ɗaya bayan ɗaya.

Ba kamfani kaɗai ke iya kaiwa ga bayanan ba. Tsohon tsarin SS7, wanda kamfanoni ke musayar bayanai da shi tsakanin ƙasashe, an gina shi ne bisa yarda da juna, kuma masu bincike sun nuna a Balin a 2008 da Hamburg a 2014 cewa wanda ya sami shiga cikinsa zai iya tambayar inda layi yake da lambar waya kawai. Akwai kuma ƙarfen bogi, na'urar da ke kwaikwayon eriyar kamfani don wayoyin da ke kusa su miƙa mata lambar layinsu. Cikakken tsarin 5G yana ɓoye wannan lamba, amma kariyar takan faɗi idan aka tilasta wa waya komawa 2G. A 2024 FCC ta ci manyan kamfanonin Amurka tarar kusan dala miliyan 200 saboda sayar da damar sanin wurin masu layi ba da yardarsu ba.

A gaban kotu

Tarayyar Turai ta wajabta ajiye bayanan na wata 6 zuwa 24 a 2006, kotun Tarayyar ta soke dokar a 2014. A shari'ar Carpenter ta 2018, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa karɓar tarin irin waɗannan bayanai yana buƙatar sammacin bincike. A shari'ar an tattara wurare 12,898 na kwana 127. A 2019 Denmak ta gano kurakurai a yadda ake sarrafa bayanan ƙarafa, ta sake duba shari'o'i sama da 10,000, aka saki mutum 32. Har yanzu masana na saɓani kan nauyin da ya dace a ba irin wannan shaida.

Abin da mai waya ke iya hanawa

Kashe GPS ko hana manhajoji izinin wuri ba ya shafar abin da ƙarfe ke gani. Yanayin jirgin sama ko kashe wayar ne ke yanke hulɗar. Sauya layi a waya ɗaya ba ya ɓatar da sawu, domin kamfani yana ganin lambar IMEI ta wayar kanta tare da kowane layin da aka saka mata.