Kuɗin jama'a a gonar mutum ɗaya: tambayoyi kan kare ƙasa da ruwa a karkarar Amurka

A gundumomin karkara na Amurka, gwamnati na biyan manomi ya bar ciyawa a bakin rafi, ko ya kewaye ƙorama da shinge, ko ya gina ma'ajiyar kashin shanu. Gonar tasa ce, amma mafi yawan kuɗin na masu biyan haraji ne.

Me ya haɗa gwamnati da gonar da ba tata ba?

Ruwa ne ya haɗa su. Ruwan saman da ya sauka a gonar masara ba ya tsayawa a iyakar gonar. Yakan kwashi ƙasa da takin zamani da kashin dabbobi ya gangara rafi, rafi ya miƙa wa kogi, kogin kuwa shi ne ruwan famfon wani gari can gaba. A watan Agustan 2014 hukumomin birnin Toledo na jihar Ohio suka hana mutane kusan 400,000 shan ruwan famfo har kusan kwana uku, suka ce ko tafasa shi kada a yi. Gansakuka mai guba ce ta mamaye tafkin Erie inda birnin ke ɗiban ruwa, abin da ya ciyar da ita kuwa, galibi, sinadarin fosfaras ne da kogin Maumee ya kwaso daga gonaki. Babu manomi ɗaya da za a nuna da yatsa a ce shi ne. Dubban gonaki ne, kowace ta ba da ɗan nata.

Yaushe aka fara wannan aiki?

A shekarun 1930, lokacin da fari da yawan huɗa suka bar filayen tsakiyar Amurka tsirara, iska ta riƙa ɗauke ƙasar noma. Ranar 14 ga Afrilun 1935 ƙura ta turnuƙe sama har rana ta koma kamar dare. A shekarar ce majalisa ta kafa hukumar kare ƙasa ta tarayya, ƙarƙashin Hugh Hammond Bennett, wadda yau ake kira NRCS. Sai dai an gane tun da wuri cewa manomi ba zai saurari baƙo daga Washinton yana koya masa noma ba. Saboda haka a 1937 Shugaba Roosevelt ya aika wa gwamnoni samfurin doka, domin kowane yanki ya kafa tasa hukumar kula da ƙasa, manoman wurin su jagorance ta. Ta farko ita ce ta Brown Creek a jihar North Carolina, yankin da aka haifi Bennett. Yau sun kusa 3,000, kuma mafi yawansu iyakarsu ita ce iyakar gunduma.

Wane irin aiki ake yi a zahiri?

Ɗauki makiyayin da shanunsa ke shan ruwa a ƙorama. Kullum suna tattake gaɓa, ƙasa na zubewa, suna kashi a cikin ruwan. Malamin hukumar zai zo ya zaga wurin da ƙafa, ya auna, ya zana inda shinge zai bi. A haƙa rijiya ko a ja bututu zuwa kwamin shan ruwa a tudu, a zuba tsakuwa a mashigi ɗaya tak inda dabbobi za su riƙa tsallakawa, a dasa itatuwa tsakanin shingen da ruwa. Kafin 'yan shekaru gaɓar ta kama, inuwa ta sanyaya ruwan, kifi ya dawo. Shanun ma sun huta da ciwon kofato da tsayuwa cikin taɓo ke jawowa.

A jihohi irin su Iowa matsalar a ɓoye take. An binne bututai a ƙarƙashin gonaki don su tsotse ruwan da ya yi yawa, su kuma suna fitar da shi kai tsaye zuwa rafi, ɗauke da sinadarin naitiret na taki. Ɗaya daga cikin dabarun da ake biya shi ne a haƙa dogon rami a bakin gona, a cika shi da guntayen itace, a rufe, a karkato ruwan bututun ya ratsa ta ciki. Ƙwayoyin halittar da ke rayuwa a jikin itacen sai su mai da naitiret ɗin iska. Wanda ya wuce ta wurin ba abin da zai gani sai ciyawa da akwatuna biyu na daidaita ruwa.

Akwai kuma shuka ba tare da huɗa ba, da shukar da ke rufe ƙasa bayan girbi, da maido da dausayin da aka busar.

Daga ina kuɗin ke fitowa?

Babban kaso daga dokar noma ta tarayya. Shirin EQIP na tallafa wa ayyukan kare ƙasa da ruwa a gona, da aka kafa a 1996, kan ɗauki har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aiki, ya fi haka ga sabbin manoma da marasa ƙarfi. Shirin CRP na 1985 kuwa hayar ƙasa ne: gwamnati na biyan manomi duk shekara ya daina noma filin da ke saurin zaizayewa, na tsawon shekara 10 zuwa 15. Wasu jihohin sun ƙara nasu. Masu zaɓe a Missouri sun amince a 1984 da ɗan ƙarin harajin saye, kashi ɗaya bisa goma na kashi ɗaya cikin ɗari, da ake rabawa tsakanin wuraren shaƙatawa da kare ƙasa da ruwa. Minnesota ta yi makamancin haka a 2008.

Amma a bisa ƙa'ida manomi ne ke fara kashe nasa, sai an zo an duba aikin a mayar masa. Masu nema kuma sun fi kuɗin yawa, da dama sukan koma hannu Rabbana.

Me ya sa ba a tilasta wa manoma kawai?

Dokar tsabtar ruwa ta 1972 ta ɗaure masana'antu da matatun bahaya da lasisi, domin dattinsu ta bututu ɗaya yake fita, ana iya auna shi. Ruwan da ke gangarowa daga gonaki kuwa an bar shi a waje, sai dai lallashi da tallafi. Hukumar ruwan birnin Des Moines na jihar Iowa ta gwada ƙalubalantar haka a 2015, ta kai ƙarar hukumomin magudanan ruwa na gundumomi uku saboda naitiret ɗin da take kashe kuɗi tana cirewa daga kogin Raccoon. Kotun tarayya ta kori ƙarar a 2017. Minnesota ce ta yi abin da yawancin jihohi suka ƙi: dokarta ta 2015 ta wajabta barin ciyawa mai faɗin kimanin ƙafa 50 a bakin koguna da tafkuna.

A ganina lallashi kaɗai ba zai wadatar ba. Wanda ke zuwa ofis neman tallafi sau da yawa shi ne wanda dama yake kula da gonarsa, alhali gonar da ta fi zubar da datti mai ita bai taɓa leƙowa ba.

To, kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

A wasu wuraren, ƙwarai. Birnin New York na shan mafi yawan ruwansa daga tsaunukan Catskill ba tare da matata ba. Maimakon gina matatar biliyoyin daloli, a yarjejeniyar 1997 birnin ya zaɓi sayen filaye da gyara tsarin bahaya na ƙauyuka, ya kuma ci gaba da biyan masu kiwon shanun madara su gyara gonakinsu. A mashigin tekun Meziko kuwa labarin bai yi daɗi ba. Yankin da iskar shaƙa ke ƙarewa a ruwa duk bazara, sanadin takin da kogin Misisipi ke kawowa, ya kai murabba'in mil 8,776 a 2017, mafi girma da aka taɓa aunawa, bayan shekaru ana zuba kuɗi.

Wani ɓangare na dalilin jinkiri ne: fosfaras da ya taru a ƙasa da gindin rafi yana ɗaukar shekaru yana fita. Wani ɓangaren kuma, rahotanni sun fi son ƙirga eka nawa aka shuka da shinge nawa aka kafa. Abin da ya kamata mai biyan haraji ya nema a taron hukumar gundumarsa, wanda a buɗe yake ga kowa, shi ne sakamakon gwajin ruwan rafin kafin aiki da bayansa.

Mai rijiya a gidansa fa?

Shi ne aka fi mantawa da shi. Dokar tarayya kan ruwan sha ba ta shafi rijiyar gida ba, ba mai zuwa ya gwada masa. Iyakar da aka sa wa ruwan famfo ita ce miligiram 10 na naitirojin ɗin da ke cikin naitiret a lita, domin fiye da haka na iya hana jinin jariri ɗaukar iska. Naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, tafasawa kuma ƙara masa ƙarfi take yi. Ana ba da shawarar gwaji sau ɗaya a shekara, kuma ofishin lafiya na gundumomi da yawa na ba da kwalbar ɗaukar samfur, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi kaɗan. Gidan da ake sa ran haihuwa kada ya jira shekara ta zagayo.