Biza daban, haraji daban: yadda Amurka ke ƙirga kwanakin baƙo

Mutane da yawa sun ɗauka muddin bizar wucin gadi ce a fasfonsu, babu ruwansu da harajin ƙasar da suka je. Ba haka abin yake ba. Jami'an shige da fice ne ke duba biza. Masu haraji kuwa kwanaki suke ƙirgawa. A Amurka, hukumar haraji ta IRS tana iya lissafa mai bizar ziyara cikin mazauna ƙasa, ko da bai taɓa riƙe katin zama na dindindin ba.

Sharaɗin farko na shiga wannan lissafi shi ne mutum ya yi aƙalla kwana 31 a ƙasar bana. Daga nan sai a haɗa kwanakin bana dukansu, da sulusin na bara, da kashi ɗaya cikin shida na bara waccan. Jimilla ta kai 183, ya zama mazauni ta fuskar haraji. Ɗan kasuwar da ke yin kwana 120 duk shekara, nasa lissafin 120 da 40 da 20 ne, wato 180: ya sha da ƙyar. Da kwana 122 yake yi, da ya faɗa ciki. Ranar sauka da ranar tashi ma kowacce kwana guda ce, kuma a ganina nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ba a ƙirga wa wanda ya ya da zango na ƙasa da awa 24 kan hanyarsa ta zuwa wata ƙasa, ko wanda ciwo ya kama a can ya hana shi tafiya.

Me ya sa abin ya isa damuwa? Baƙo yana biyan haraji ne kan abin da ya samu a Amurka kawai, a fom 1040-NR. Mazauni kuwa sai ya bayyana duk abin da ya shigo hannunsa a ko'ina a duniya, har kuɗin hayar gidansa na ƙasarsu.

Ɗalibai masu bizar F, J, M ko Q an yafe musu ƙirgen na shekara 5, amma su cike fom 8843. Shekarar kalanda ake nufi: wanda ya sauka a Disamba ya riga ya cinye guda.

Wanda lissafin ya kama, amma bai cika kwana 183 a bana kaɗai ba, yana da sauran mafita a fom 8840, in ya nuna cewa gidansa da iyalinsa da sana'arsa suna wata ƙasa.