Waiwaye: Tsohuwar ja-in-ja tsakanin ado da aiki a rigar 'yan sama jannati

A watan Oktoban 2024, a birnin Milan na Italiya, kamfanin Axiom Space na Amurka ya yaye lulluɓin rigar da ake sa ran 'yan sama jannatin hukumar NASA za su saka idan sun koma duniyar wata. Fara ce tas, da toka-toka a gwiwoyi, da jan layi nan da can. Abin da ya sa hoton ya zaga duniya har ya shigo wayoyinmu a Katsina shi ne sunan abokin aikin Axiom ɗin, wato Prada, gidan ɗinkin masu hannu da shuni da aka sani da jakunkuna da takalma. A majalisu da teburan mai shayi ra'ayi ya rabu. Wasu na cewa ina ruwan mai zuwa wata da kwalliya, wasu na cewa ai ko gona za ka je ba a hana ka tsaf. Gardamar ta girmi dukkan masu yin ta, domin tare da rigar aka haife ta.

Ranar 12 ga Afrilun 1961 da Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya kewaya duniya a kumbo, rigarsa ruwan lemo ce, don masu ceto su hango shi daga nesa. Dab da tashi aka rubuta haruffan sunan Tarayyar Sobiyat da jan fenti a goshin kwalkwalinsa. Ba a cika shekara ba da harbo jirgin leƙen asirin Amurka a sararin ƙasar, kuma ana tsoron manoma su ga mutum ya sauko da lema su ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Ga launi, ga rubutu, kowanne da aikinsa. Amurkawa kuwa suka ɗauki rigar matuƙa jiragen sojan ruwansu suka lulluɓe ta da wani yadi mai ƙyalli kamar azurfa, suka sanya wa su Alan Shepard da John Glenn. Hujjar hukuma ita ce ƙyallin yana mayar da zafi. Masana tarihin waɗannan riguna da dama suna ganin akwai son burgewa a ciki, domin yaƙin cacar baka ake yi, kuma hoto ma makami ne.

Kafin a ci gaba, sai an san abin da rigar take. A sarari babu iska, babu nauyin iskar da ke danne jikinmu a nan ƙasa ba tare da mun ji ba. Mutum ba riga, cikin kamar daƙiƙa 15 zai suma. Inda rana ke bugawa zafi kan kai 120 a ma'aunin Salshiyos, inuwa kuma ta gangara ƙasa da 100 a ƙarƙashin sifili. Saboda haka ake hura rigar da iskar oksijin zalla, a kan kusan kashi ɗaya cikin uku na matsin iskar ƙasa. Nan matsalar take. Duk abin da aka hura yakan sandare, ya ƙi lanƙwasuwa. Dunƙule hannu kawai a cikin safar ya zama aikin ƙarfi, har wasu farcensu kan ɗaye bayan doguwar rana a waje. Duk tarihin ɗinkin rigar nan kokawa ce da wannan sandarewa.

Wanda ya fara ɗanɗana kuɗarsa shi ne Alexei Leonov, ranar 18 ga Maris 1965. Minti 12 ya yi a wajen kumbonsa, mutum na farko da ya taɓa yin haka. Rigar ta kumbura har yatsunsa suka zame daga bakin safa, ƙafafunsa suka daina taka cikin takalmi. Da ya zo komawa, ƙofa ta ƙi karɓarsa. Sai da ya buɗe bawul ya rage iskar da ke riƙe da ransa, yana haɗa gumi sharkaf, kafin ya samu ya kutsa ciki. A shekara mai bi, Gene Cernan na Amurka ya galabaita a waje har tururin jikinsa ya rufe gilashin kwalkwalinsa, ya daina gani.

Zamanin Apollo, shirin Amurka na kai mutum wata, shi ne ya fi jan hankalina. A lokacin akwai injiniyoyin da suka ƙera riguna masu tauri, na ƙarfe da roba mai ƙarfi, masu kama da abin da mutane ke zato idan an ce ci gaba. Ko ɗaya ba ta taka wata ba. Wadda Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka saka a Yulin 1969 aikin wani kamfani ne mai suna ILC a jihar Delaware, wanda asalin sana'arsa ɗinka rigar mama da ɗamarar mata ne. Matan da suka ƙware a wancan ɗinki su aka zaunar a kan keke. Shimfiɗa 21 suke haɗawa, yadi kan roba kan yadi, kuma ba a yarda ɗinki ya kauce ko da milimita ɗaya ba. Ƙirga fil ake yi a ba kowace, a ƙirga idan ta tashi, sannan a haska rigar da na'urar hoton ƙashi, kada wani fil ya maƙale ya huda ta a wata. Kowane ɗan sama jannati da awonsa, har hannunsa ake zubawa a samu siffarsa don safa. Farin yadin da duniya ta haddace a jikinta kuwa gobara ce ta kawo shi. Bayan wuta ta kashe Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee a gwajin kumbon Apollo 1 a Janairun 1967, aka koma wani yadi na zaren gilashi wanda ba ya ci da wuta. Fari ne, yana kuma mayar da zafin rana. Ruwan zinaren da ke gilashin fuska kare ido yake yi. Jan layin da aka ƙara wa rigar kwamanda daga Apollo 13 ya zo ne saboda an kasa bambance mutum biyu a hotuna. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka yi don kyau, amma ga shi har yau babu rigar da ta kai ta kwarjini.

Mu nan muna da abin da zai sa mu gane wannan da sauri. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Soro ko filin Kangiwa ranar hawan Sallah ya ga 'yan lifida, doki da mahayi a lulluɓe cikin lifidi mai ja da kore da rawaya, kwalkwali a ka da gashin jimina. Tarihin Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, shekaru sama da 600 da suka wuce. Ka matsa kusa ka taɓa, za ka ji audugar rimi ce aka cusa tsakanin yadi biyu aka bi da ɗinki layi-layi don kada ta taru a gefe guda. Kibiya aka yi shi ya tare. Launin na sama ne, yana nuna rundunar wane ce, yana kuma firgita abokin gaba. Yau da babu mai harbin kibiya, ido kaɗai ke yanke wa lifidi hukunci, kuma babu laifi a haka. Ita rigar sama jannati har yanzu tana bakin daga.

Jini ne ya koyar da darasi na gaba. A Yunin 1971 Rashawa uku suka mutu a kumbon Soyuz 11 lokacin dawowa, iska ta tsiyaye ba su da rigar kariya, saboda wurin ya yi musu kaɗan. Daga nan Rasha ta wajabta riga a tashi da sauka. Amurka ma sai bayan fashewar kumbon Challenger a 1986 ta daina tura mutanenta cikin shuɗin kaya marasa kariya, ta dawo da riga ruwan lemo. Wannan ya raba rigunan gida biyu, kuma masu gardama kan kwalliya sukan manta da rabon. Akwai ta cikin kumbo, mara nauyi, wadda ake sakawa ko da tsautsayi. Akwai ta fita waje, mai goye da iskarta da ruwan sanyaya jiki da batir. Ta farko tana da wurin ado. Ta biyu kusan ba ta da shi.

Rigar fita da NASA ke amfani da ita a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa an fara fita da ita ne a 1983. An yi ta don ta yi shekara 15, ga shi ta haura 40. Cikin na'urorin goyo 18 da aka ƙera, binciken babban mai binciken hukumar a 2017 ya samu 11 suka rage. Ranar 16 ga Yulin 2013, Luca Parmitano ɗan Italiya yana aiki a waje ya ji ruwa a ƙeyarsa. Ruwan sanyaya rigar ne ke kwarara cikin kwalkwali. Da yake babu nauyi, bai gangara ƙasa ba, sai ya manne masa a kai ya zagayo ya rufe kunnuwa da idanu da hanci. Da lalube ya bi igiyarsa ya koma ƙofa. Kusan lita ɗaya da rabi aka samu a ciki. A Maris 2019 kuma aka fasa fitar farko ta mata zalla saboda ƙirjin riga matsakaici guda ɗaya ne a shirye, sai a Oktoba Christina Koch da Jessica Meir suka yi ta. An daina ɗinka wa kowa tasa tun bayan Apollo, an koma ƙarami da matsakaici da babba, kuma ƙananan ne aka fara sadaukarwa da kuɗi suka yi kaɗan.

Na taɓa nuna wa wani dattijon tela a Babbar Kasuwar Katsina hoton wannan riga. Bai kalli launi ba. Ya kawo wayar kusa da idonsa ya ce, "Ɗana, ina hammatarta? Ta yaya mai ita zai ɗaga hannu?" Na ce, "Baba, ai ƙirjin ma ba yadi ba ne, mai tauri ne." Ya girgiza kai. Tambayarsa ta faɗa daidai kan ciwon, domin raunin kafaɗa na cikin abin da ya fi damun masu atisaye da ita a cikin tafkin da ake kwaikwayon rashin nauyi.

Shigowar 'yan kasuwa ce ta juya tsarin. Elon Musk ya ɗauko Jose Fernandez, mai tsara kayan jaruman finafinan Amurka, ya zana rigar kamfanin SpaceX. Siffar aka fara fitarwa, sannan injiniyoyi suka san yadda za su sa ta yi aiki. Da Bob Behnken da Doug Hurley suka tashi da ita ranar 30 ga Mayun 2020, fara da baƙi, ɗamas a jiki, duniya ta yaba. Kuma ta cancanci yabo, domin ba ta da nauyi, tana da sauƙin sakawa, safarta na taɓa allon kwamfuta. Sai dai ta cikin kumbo ce. Ko wadda Jared Isaacman da Sarah Gillis suka leƙa waje da ita a Satumban 2024 ba ta da goyo, ta igiya kumbo ke ba ta iska, kuma mintuna kaɗan kowannensu ya yi. Shuɗin kayan masu yawon buɗe ido na Blue Origin kuwa, kamfanin da aka ce zai ɗauki ɗan Najeriya a ƙarƙashin yarjejeniyar da hukumar sararin samaniyarmu ta sa wa hannu a 2024, ba sa riƙe iska ko kaɗan. Tufafi ne kawai.

Ita NASA ta yi ta fama da tata sabuwar rigar. Rahoton 2021 ya ce ta kashe dala miliyan 420 tun 2007, kuma za ta haura biliyan ɗaya kafin a samu biyu masu aiki. A Yunin 2022 ta miƙa aikin ga Axiom Space da Collins Aerospace, ita kuma ta riƙa haya. Collins ya janye a 2024. Da Axiom ya fara nuna tasa a Maris 2023, baƙa ce da ratsin lemo da shuɗi, wata mai tsara kayan wasan talabijin ta yi lulluɓin. Kamfanin da kansa ya ce ta ainihi fara ce, baƙin don ɓoye sirrin ƙira ne. Wannan lulluɓi ya tsaya mini a rai, saboda jama'a sun yi ta tafi ga abin da ba zai taɓa zuwa wata ba. Ƙasar Sin ma da ta nuna tata rigar wata a Satumban 2024 ta yi mata jan ratsi da aka ɗauko daga tsofaffin zanen kogunan Dunhuang. Kowa na son a ga tutarsa da al'adarsa a jikin rigar.

Ban ga aibu a shigowar Prada ba. Gida ne da ya san yadi da ɗinki, ya kuma daɗe yana haɗa kayan tseren jiragen ruwa, kuma Apollo ta nuna abin da hannun maɗinki zai iya. Alkawuran da Axiom ya yi su ne abin dubawa: awa 8 a waje, awa 2 a ramukan kudancin wata da rana ba ta taɓa shiga ba, shiga ta baya ba tare da taimako mai yawa ba, da awon da zai karɓi kusan kowane jiki, mace ko namiji. Damuwata ita ce kamfani mai neman masu zuba jari yana buƙatar hoto yau, gwaji kuwa shekaru yake ci, kuma an riga an ɗage ranar saukar Artemis, shirin NASA na komawa wata, fiye da sau ɗaya, rigar na cikin dalilan.

Ga kuma ƙura. Ta wata ba ta taɓa haɗuwa da iska ko ruwan da zai goge mata kaifi ba, tsini gare ta kamar fasasshen gilashi, tana kuma manne wa duk abin da ta taɓa. A Disambar 1972, Cernan da Harrison Schmitt na Apollo 17 sun yi kusan awa 22 a waje cikin fita uku. Kafin su gama, farar rigar ta koma toka, safar hannu ta fara cinyewa, mahaɗan wuyan hannu da zik suna cijewa, Schmitt na ta atishawa a cikin kumbo. Kwana uku ke nan kacal. Shirin Artemis yana maganar mako guda a saukar farko, daga baya makonni, da riga ɗaya da za a saka a cire a sake sakawa. An gwada ta Axiom a tafki da ɗakunan gwaji, amma tun 1972 babu rigar da ta sake shiga wannan ƙura.