Analog

Analog kalma ce ta Turanci da a yau ake laƙaba wa abubuwan da ba ruwansu da kwamfuta ko intanet, irin su agogo mai hannu, littafin takarda, kyamara mai fim da faifan garmaho. Amurkawa suna rubuta ta analog, Turawan Ingila kuma analogue.

Asalinta daga Girkanci ne, analogos, wato abin da ya zo daidai gwargwadon wani. Ta shiga Turanci ta hannun Faransanci a farkon ƙarni na 19, kuma a lokacin ba ta nufin komai sai abin da ya yi kama da wani.

Injiniyoyi ne suka ba ta sabon aiki a shekarun 1940. A wurinsu, na'urar analog ita ce mai bin sawun abin da take aunawa kai tsaye, ba tare da ta mayar da shi lambobi ba. A ma'aunin zafi na gilashi, da zafi ya ƙaru sai ruwan ciki ya hau daidai gwargwado. A faifan garmaho kuwa, an zana girgizar sautin ce a jikin faifan, allura ta bi zanen ta dawo da muryar. Kishiyarta ita ce dijital, daga kalmar Latin digitus, wato yatsa, tunda da yatsu aka fara ƙirge.

Ke nan akwai gyara idan aka fassara analog da "abin da babu fasaha a cikinsa". Rediyo da tarho da talabijin na da duk analog ne, kuma su ne ƙololuwar fasahar zamaninsu. Zuwan dijital ne ya tura kalmar layin tsofaffi. Agogo dai agogo ne kawai, sai da masu nuna lambobi suka fito, kamar Pulsar na kamfanin Hamilton a 1972, sannan aka buƙaci suna ga mai hannu. Haka faifan CD ya yi wa garmaho daga 1982.

Amurka ta rufe watsa shirye-shiryen manyan tashoshin talabijin ta analog a watan Yunin 2009, Najeriya kuma ta ƙaddamar da nata sauyin zuwa dijital a Jos a 2016. A bakin matasan Najeriya har mutane kalmar ta shafa: wanda ya fi yarda da biro da takarda a kan waya, sai ka ji ana tsokanarsa da cewa shi analog ne.