Tiyatar farfaɗiyar yara: maganar nan fa ba yau ta fara ba

Da zarar an ce za a buɗe kan yaro a cire masa wani yanki na ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya sai ka ji cece-kuce ya tashi, wasu su ce gwaji ake da 'ya'yan mutane, wasu su ce a ƙyale shi zai girma ya daina. To aikin nan ya girmi kakanninmu.

Tun 1886 Victor Horsley ya yi wa mai farfaɗiya tiyata a Landan, EEG, wato na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, ta bayyana a 1929, sai likita Penfield a Montreal ta Kanada da yake tiyatar mara lafiya idonsa biyu. Ga kuma wani mai farfaɗiya da ake kira H.M. a Amurka, wanda aka cire wa wani yanki a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa a 1953 ya daina riƙe duk wani sabon abu, tsoron nan har yau bai saki mutane ba.

Amma wanda ba a cika ambata ba shi ne Murray Falconer, ɗan New Zealand da ya yi aiki a asibitocin Guy's da Maudsley a Landan. Lokacinsa yawanci zuƙe naman ake yi kaɗan-kaɗan, ba abin da zai rage a duba. Shi kuwa sai ya riƙa ciro ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke saitin kunne a dunƙule guda, ya miƙa wa masu madubin likita. Nan aka yi ta ganin hifokamfas, wato wurin ajiye tunani, ya motse ya yi tauri kamar tsohon tabo. Da ya bi tarihin masu tabon sai ga shi da yawansu sun yi doguwar jijjiga da zazzaɓi tun suna ƙanana. Ka ga ke nan ciwon da ake yanka a kan ɗan shekara talatin tun yarinta ya samo asali, to jiran me ake? A 1975 shi da abokin aikinsa Davidson suka fitar da sakamakon yara 40, yana ta kira a riƙa yi da wuri, amma an daɗe ana ɗaukar tiyata abin da sai an rasa yadda za a yi.

Kuma irin wannan farfaɗiyar ba lallai yaro ya faɗi ba. Sai ya ji wani abu ya taso masa daga ciki, tsoro ya kama shi, ya ƙura ido yana tanɗe baki yana tsintar rigarsa, minti ɗaya ko biyu ya dawo bai san me ya faru ba. A wajenmu iska za a ce, malami kuma ya ce ba ya mai da hankali, shekarun karatu suna ta wucewa. Mu da maleriya ke sa yara jijjiga kowace damina, maganar Falconer ta shafe mu ƙwarai.

Hujja ta zo daga baya. A Kanada a 2001 an gwada a kan manya 80, kashi 58 na waɗanda aka yi wa aiki suka rabu da farfaɗiyar mai gusar da hankali, masu shan magani kawai kashi 8. A 2017 a New Delhi, yara 116 masu farfaɗiya iri-iri, kashi 77 na waɗanda aka yi wa aiki suka rabu da ita, masu shan magani kawai kashi 7. Haɗari akwai shi, wani gefen ganinsa kan ragu, wani riƙe kalmomi ya yi masa wuya in a hagu aka yi, shi ya sa sai an yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI da EEG an tabbatar da inda abin ke tasowa. Ƙa'idar likitoci yanzu ita ce in an gwada magani biyu yadda ya kamata ba su yi ba, a tura yaro a duba ko zai ci aiki.