Shin ƙashi mataccen abu ne?

An daɗe ana cewa ƙashi busasshen abu ne marar rai, kamar dutse. Wanda muke gani yashe a rana kam haka yake. Amma na jikinmu rayayye ne. A na'urar ƙara girman abu, zobba-zobba ake gani kamar an yanka albasa, jijiyar jini ta ratsa tsakiya, ƙwayoyin halitta na kewaye. Shi ya sa karaya take ɗoruwa. Guringuntsi ne ba shi da jijiyar jini, warkewarsa sai a hankali.

A gwada: in mahauci a kasuwar Tawa ta Nijar ya sara ƙashi, dubi ɓargo da ƙananan ramukan da ke ƙarshen ƙashin. Ko a jiƙa ƙashin kaza cikin ruwan khal mako guda. Sinadarin kalsiyam mai sa ƙashi tauri zai narke, ƙashin ya lanƙwasu kamar roba.

Don Allah a tura wa 'yan'uwa.