Kalmar moose da asalinta

Moose shi ne sunan da masu Turanci a Arewacin Amurka ke kiran wata ƙatuwar dabbar daji, wadda ta fi duk danginta na barewa masu ƙaho mai rassa girma. Sunanta na kimiyya Alces alces. Tana zaune a dazuzzukan sanyi na Kanada, Alaska, arewacin Turai da Rasha. Babban namiji yakan kai mita 2 a kafaɗa, ƙahonsa kuma faffaɗa ne kamar buɗaɗɗen tafin hannu.

Kalmar ba ta Turawa ba ce, aro suka yi. Ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17, lokacin da mutanen Ingila suka fara sauka a gaɓar arewa maso gabashin Amurka, suka ji ta a bakin 'yan ƙasa masu harsunan dangin Algonkiyan. Narragansett na cewa moos, Abenaki na gabas mos, Ojibwe mooz, Cree kuma môswa. Masana harshe sun mayar da su duka ga tushe ɗaya, *mo·swa. Ma'anar da aka fi dangantawa da shi ita ce "mai ɓarewa", domin idan hunturu ya yi tsanani ganye ya ƙare, dabbar kan kafa haƙoranta na ƙasa a jikin ƙaramin itace, ta saɓule ɓawonsa ta ci. Suna ne irin na mafarauci da ya san sawun abin da yake bi.

Abin mamaki, Turanci na da tsohon suna ga wannan dabba, wato elk, ɗan'uwan Elch na Jamusanci da älg na Suwidin. Sai dai dabbar ta daɗe da ƙarewa a Birtaniya, don haka mutanen Ingila da suka sauka Amurka suka ɗora elk a kan wata dabba daban, wadda ake kuma kira wapiti. Har yau elk ɗin Bature da na Ba'amurke ba abu ɗaya ba ne.

Jam'inta ba ya sauyawa: ɗaya moose, goma ma moose. Ba ta bi goose (dinya) da jam'inta geese ba, saboda wancan sauyin wasali ya faru ne tun kafin a aro ta.

Ana samun kalmar a sunayen wurare kamar garin Moose Jaw a lardin Saskatchewan na Kanada da tafkin Moosehead a jihar Maine ta Amurka. A 1912 an yi wa jam'iyyar Theodore Roosevelt, tsohon shugaban Amurka, laƙabi da Bull Moose, wato namijin dabbar.